Buƙatu 26 muka tara, wanne za mu fara kai wa majalisar dokoki?

Tambaya: Wani ɗan'uwa, sakataren kwamitin masu ruwa da tsaki na ɗaya daga cikin ƙananan hukumomin cikin birnin Kano, ya rubuto cewa sun zauna da kansiloli da masu unguwanni da ƙungiyoyin ci gaban unguwa, sun tara buƙatu 26. Akwai taransifoma, akwai katangar maƙabarta, akwai yasar lambatu, akwai neman a ɗaga asibitinsu na sha-ka-tafi ya zama babban asibiti, har da masu son a nemi ƙarin ƙaramar hukuma. Suna shirin zuwa kamun ƙafa majalisar dokokin jiha. Yana tambaya: wanne ya kamata su sa a gaba, kuma ta wace ƙofa ake shiga?

Amsa: Malam Sakatare, Allah ya saka muku da alheri da kuka zauna kuka rubuta, domin mafi yawan masu zuwa majalisa da baki kawai suke zuwa. Na shafe shekaru ina aikin tsare-tsare da kasafi a ƙaramar hukuma, bayan na ajiye aiki kuma na raka ƙungiyoyi da dama gaban kwamitocin majalisa. Shawarar da zan fara ba ka mai ɗaci ce: takardar nan mai buƙatu 26 kada ta bar ofishinku. Ku rage ta ta koma uku. Idan kuka kai 26, ɗan majalisa zai karɓa da hannu biyu, zai yi muku godiya, zai zaɓi mafi arha a ciki ya yi daga aljihunsa ko daga aikin mazaɓu, sauran 25 kuma sun shiga durowa ke nan. Ba mugunta ba ce. Duk mai unguwar da ke mazaɓarsa ya kai masa irin wannan takarda, kuma ku da kanku ba ku nuna masa wacce ce ta fi ci muku tuwo a ƙwarya ba.

Kafin a zaɓi ukun, a fara sanin abin da majalisa ke iya yi, don nan ne mutanenmu suka fi tuntuɓe. Majalisar dokoki ba ta ba da kwangila, ba ta da katafila, ba ta ɗaukar malaman makaranta. Abu uku ne a hannunta. Tana yin doka ko ta gyara wadda ke akwai. Tana amincewa da kasafin kuɗi, wanda sashe na 121 na kundin tsarin mulkin 1999 ya wajabta wa gwamna ya gabatar mata. Sannan tana da ikon bincike da kiran kowane jami'i ya zo ya yi bayani, a ƙarƙashin sashe na 128 da na 129. Duk buƙatar da ba ta shiga ɗaya daga cikin waɗannan ƙofofi uku ba, ba ta majalisa ba ce.

Akwai kuma bambanci tsakanin ƙuduri da ƙudurin doka, kuma ina roƙonka ka yi wa kwamitinku bayaninsa tun kafin ku tafi. Kullum muna ji a rediyo cewa ɗan majalisa kaza ya gabatar da ƙuduri, majalisa ta yi kira ga gwamnati da ta gyara titin unguwa kaza. Mutanen unguwa su yi murna, wasu har su je godiya. To wannan kira ne kawai, shawara ce, ba ta ɗaure gwamna ba, ba ta kuma sa ko kwabo a kasafi ba. Ƙudurin doka shi ne wanda ke bin karatu na ɗaya da na biyu, ya je kwamiti, ya dawo karatu na uku, a kai wa gwamna ya sa hannu cikin kwana 30 kamar yadda sashe na 100 ya tanada. Idan aka ce muku "za mu kawo ƙuduri a zaure", ku yi godiya, amma ku tambaya cikin ladabi: ranka ya daɗe, bayan ƙudurin, a wane layi na kasafi za mu ga abin?

Yanzu ka ɗauko takardarku ka raba ta. Maƙabarta, lambatu na cikin unguwa, fitilun titi, ƙananan kasuwanni, tasha, mayanka, bayan gida na jama'a da kwashe shara, duk jadawali na 4 na kundin tsarin mulki ya lissafa su a cikin aikin ƙaramar hukuma. Taransifoma maganar kamfanin raba wutar lantarki ce, wato KEDCO. Idan akwai titin tarayya a ciki, wannan na ɗan majalisar wakilai ne da sanata. Batun ƙarin ƙaramar hukuma kuwa ku ajiye shi gefe gaba ɗaya. Sashe na 8 ya gindaya sharuɗɗa masu tsauri, har da ƙuri'ar raba gardama, kuma sai majalisar tarayya ta gyara jerin sunayen da ke cikin kundin. Tun 1996 adadin bai motsa daga 774 ba. Legas ta ƙirƙiri 37 a 2003, har yau ba sa karɓar kaso daga asusun tarayya da sunan kansu. Kada ku ƙona ziyararku a kan wannan.

Za ka lura cewa kusan rabin takardar ya faɗa cikin aikin ƙaramar hukumarku ita kanta. Tambayar da ta dace ita ce me ya sa ba ta yin su. Amsar wannan tambaya ita ce buƙatarku ta farko, kuma a ganina ita ce uwa.

Ƙananan hukumomi 774 suna da kashi 20.60 cikin 100 na abin da ake rabawa daga asusun tarayya. Shekara da shekaru kuɗin nan yana bi ta asusun haɗin gwiwa na jiha da ƙananan hukumomi, wanda sashe na 162 ya kafa, kuma a nan ake cire albashin malaman firamare da na ma'aikatan lafiya da fansho da kason masarauta da kuɗin ayyukan haɗin gwiwa, abin da ya rage shi ke isa sakatariya. A ranar 11 ga Yulin 2024 Kotun Ƙoli ta yanke hukunci cewa a riƙa biyan ƙananan hukumomi kuɗinsu kai tsaye, kuma ba a yarda gwamna ya naɗa kantomomi a madadin zaɓaɓɓun shugabanni ba. Hukuncin kotu ya buɗe ƙofa, amma dokar ƙananan hukumomi ta jiha, wadda ke faɗin yadda ciyaman zai kashe kuɗi, nawa zai iya amincewa da shi shi kaɗai, me za a cire masa, wa zai bincike shi, majalisar jiha ce ke yin ta, domin sashe na 7 a hannunta ya bar wannan. Saboda haka abin da za ku nema shi ne a duba dokar a daidaita ta da hukuncin, a rubuta ƙarara kowane kuɗi da za a cira da dalilinsa, a kuma wajabta buga abin da ya shigo wa kowace ɗaya daga cikin ƙananan hukumomi 44 duk wata, a manna a allon sakatariya a kuma sa a intanet. Ku haɗa da tambayar kashi 10 cikin 100 na kuɗin shigar da jiha ke tarawa a cikin gida, wanda dokar rabon arzikin ƙasa ta ce a riƙa zuba wa ƙananan hukumomi. Ku 'yan cikin birni kun fi kowa hakkin yin wannan tambaya, tunda shaguna da kasuwanni da masana'antun da ake karɓar harajin a wurinku suke.

Amma zan faɗa maka abin da masu ihun 'yancin ƙananan hukumomi ba sa son a faɗa. 'Yanci yana zuwa da kayansa. Ƙananan hukumomin cikin birni su ne suka fi nauyin albashi, makarantu sun fi yawa, ma'aikata sun fi yawa, wasu ma an turo su ne daga wani wuri sunansu ya zauna a takardarku. A tsarin asusun haɗin gwiwa akan ɗebi na mai sauƙi a cike wa mai nauyi. Ranar da aka ce kowa tasa ta fisshe shi, akwai ƙaramar hukumar da za ta iske albashi ya cinye kason wata tas. Don haka kada ku je majalisa da fuskar faɗa da gwamnatin jiha. Ku nemi a haɗa gyaran dokar da tantance ma'aikata, kowa ya san nasa. Kuma ku nemi kwamitin kula da asusun gwamnati ya riƙa zama a kan rahoton babban mai binciken kuɗi na ƙananan hukumomi a bainar jama'a. Wannan zai taɓa ciyaman ɗinku, na sani, kuma watakila wasu kansiloli su yi ƙorafi. Ka ce musu wanda ke neman a sakar masa kuɗi dole ya yarda a duba littafinsa, in ba haka ba babu ɗan majalisar da zai ɗauki maganar da muhimmanci.

Buƙata ta biyu ita ce ruwan sama da shara, kuma wannan ba za ku iya ita ku kaɗai ba. Birnin Kano gari ɗaya ne amma ƙananan hukumomi takwas ne: Birni da Kewaye, Dala, Gwale, Fagge, Nasarawa, Tarauni, Kumbotso da Ungogo. Ruwan da ya sauka a Gwale bai san iyakar Dala ba, ledar da aka zuba a kwata a can ita ce ke toshe kwalbati a nan, duk su gangara kogin Jakara. Iyayenmu sun bar kududdufai a cikin gari, inda aka haƙi ƙasar gini, su ne ke shanye ruwan damina. Mun cike su da shara, mun yanka filaye, mun yi gini a kai, ruwa kuma bai manta hanyarsa ba. Kowa ya tuna yadda ruwa ya shiga Kantin Kwari a daminar 2022 ya lalata atamfofi da yadudduka na maƙudan kuɗi. Abin da ya faru a Kwari ya shiga labarai don kasuwa ce, amma duk watan Agusta akwai lungun da katangar ƙasa ke faɗawa a kan mutane ba wanda ya ji.

Matsalar a nan ta rashin sanin mai alhaki ce. Akwai REMASAB mai kwashe shara, akwai KNUPDA mai ba da izinin gini, akwai ma'aikatar muhalli, akwai ta ayyuka, ga kuma ƙaramar hukuma da kundin tsarin mulki ya ɗora wa magudanan ruwa da shara. Idan babbar magudana ta toshe, mai unguwa bai san ƙofar da zai buga ba. Wannan aikin majalisa ne tsantsa, kuma ba ya cin kuɗi mai yawa. Ku nemi doka ta fayyace wace magudana ce ta jiha, wacce ce ta ƙaramar hukuma. Ku nemi a lissafa kududdufan da suka rage da hanyoyin ruwa, da sunayensu da girmansu, a haramta yanka su ko ba da takardar mallaka a kansu, ko wane ne ya nema. Ku nemi a keɓe wa kowace mazaɓar kansila filin tara shara da doka ta kare, domin yau in ka hana yaro zuba shara a kwata ba ka da inda za ka nuna masa. Sannan kuɗin yasar magudanai a sake shi a watan Afrilu ko Mayu, kafin ruwa ya sauka. Yasar da aka yi a Agusta ihu ne bayan hari.

Majalisar Kano kujeru 40 gare ta, wanda shi ne iyakar abin da sashe na 91 ya yarda wa kowace jiha. Shi ya sa wasu ƙananan hukumomi suka haɗa kujera, kamar Kura da Garun Malam, Rimin Gado da Tofa, Bagwai da Shanono. Ku na cikin birni kowa da kujerarsa. Ɗan majalisarku murya ɗaya ce cikin 40, amma in kuka haɗa kai da takwarorinku na sauran bakwai ɗin, kujeru takwas ke nan, ɗaya bisa biyar na zauren. Ka nemi sakatarorin irin kwamitinku a can, ku rubuta takarda ɗaya a kan magudanai, kowa ya kai wa nasa a mako guda.

Ta uku ita ce aiki guda ɗaya tak da kuke so a sa a kasafin baɗi, da suna da wuri da kuɗi. Nan ne zan saɓa wa masu son a ɗaga asibitinku ya zama babban asibiti. Na fahimci dalilinsu, abin alfahari ne. Amma a cikin birni muna da Asibitin Murtala, da na Nasarawa, da na yara na Hasiya Bayero, da na koyarwa na Malam Aminu Kano. Abin da ya sa suke cika har a kwanta a baranda shi ne ƙananan asibitocin unguwa ba sa aiki da dare. Mace ta fara naƙuda ƙarfe biyun dare, asibitin unguwa a kulle ko babu ungozoma, dole a nemi adaidaita sahu a nufi Murtala. Canja allo ba ya kawo likita. Dokar lafiya ta ƙasa ta 2014 ta kafa asusun kula da lafiya a matakin farko, kuma manufar ita ce a samu asibiti ɗaya mai aiki sosai a kowace mazaɓar kansila, mu kuwa a jihar Kano irin waɗannan mazaɓu 484 gare mu. Ku binciki ko asibitinku yana cikin masu karɓar wannan kuɗi, sannan ku nemi a sa masa ungozomomi da za su ishi aikin dare, da sola, da ruwa, da ɗakin haihuwa mai kyau. Wannan zai ceci rai tun a shekarar farko. Idan kuma kwamitinku ya ga makaranta ta fi matsa muku, to ƙofar a buɗe take tunda gwamnatin jiha ta ayyana dokar ta-ɓaci a kan ilimi a watan Yunin 2024, sai ku ƙirga ɗalibai da azuzuwa da malamai ku kai alƙaluman. Amma ɗaya za ku zaɓa. Taura biyu ba ta taunuwa.

Sai maganar lokaci, wadda ta fi komai kayar da mutane. Shekarar kasafi daga Janairu take zuwa Disamba. Ma'aikatu suna fara tsara nasu tun tsakiyar shekara, bayan ma'aikatar tsare-tsare da kasafi ta aika musu takardar kira. Gwamna yakan kai wa majalisa kasafin wajen ƙarshen shekara, kwamitoci su kira ma'aikatu su kare abin da suka nema, a yi zaman jin ra'ayin jama'a, a amince. Wanda ya zo a Disamba ya tarar an gama ɗinki, sai dai a yi masa ƙwarya-ƙwaryar alkawari. Aikin da ya shigo tun daga ma'aikata ya fi wanda ɗan majalisa ya cusa a ƙarshe samun kuɗi, domin ma'aikatar tana ganinsa nata ne. Don haka ku kai takardar aikin ga hukumar da abin ya shafa tun watan Yuni ko Yuli, ku ba ɗan majalisarku kwafi, shi kuma ya tsare muku shi idan ya iso kwamiti.

Shiga kasafi ma ba shi ne ƙarshe ba. Na taɓa raka mutanen wata unguwa neman kwalbati a kan wata babbar kwata da yara ke tsallakawa zuwa makaranta. Ya shiga kasafi, muka yi murna, muka koma gida muka zauna. Shekara ta ƙare ba a saki ko sisi ba. Ya sake fitowa a kasafi na gaba, haka aka kuma yi. Sai a shekara ta uku muka gane cewa babu wanda ya rubuta takardar neman a saki kuɗin, mu kuma ba mu taɓa komawa mun tambaya ba. A tsakanin nan ruwa ya tafi da wani yaro, Allah ya sa aka tsamo shi da rai. Har yau abin yana damuna, domin tambaya ɗaya a watan Maris da ta wadatar. Yanzu jihohi suna buga rahoton yadda aka aiwatar da kasafi duk wata uku a intanet. Ku sa mutum biyu masu karatu a cikinku, aikinsu kawai su riƙa duba layinku. In wata shida ya wuce ba motsi, lokacin ne za ku koma wa kwamitin majalisa ku roƙe shi ya kira hukumar ta yi bayani.

Game da yadda ake shiga: kowace buƙata shafi ɗaya. Matsalar a layi uku, mutum nawa ta shafa, hoto, abin da kuke so majalisa ta yi takamaimai, da sa hannun hakimi da limamai da shugabar mata da 'yan kasuwa. Ku kai ta ofishin akawun majalisa a sakatariyar Audu Baƙo da sunan kakakin majalisa, a buga muku hatimin karɓa a kwafinku. Ku fara ganin ɗan majalisarku kafin kowa, kada ya ji labari a bakin wani, domin babu kwamitin da zai ɗauki maganar mazaɓa mai ita bai sani ba. Bayansa sai shugaban kwamitin ƙananan hukumomi, da na muhalli, da na kasafi. Kada ku raina sakataren kwamiti. Shi ne ke rubuta rahoto, shi ne ya san ranar zama, kuma yana nan bayan 'yan siyasa sun tafi. Mutum biyar zuwa bakwai sun isa, a ciki a samu mace aƙalla biyu da za su yi magana da bakinsu a kan asibitin, a kuma samu 'yan jam'iyyu daban-daban. A bar hular siyasa a gida, kowace iri ce. Kada ku kai ambulan, kada ku karɓi kuɗin mota, kuma kada kowa ya saka neman gurbin aikin ɗansa a cikin zaman, don da zarar an yi haka tafiyar ta zama ta mutum ɗaya.

Rediyo makami ne a Kano, amma ku san lokacinsa. Idan kuka fara da sojojin baka, kun rufe ƙofar da ba ku ma buga ba. Ku bari sai kun kai takarda, sannan ku je ku yi bayanin abin da kuka nema da hujjojinku, ba tare da zagin kowa ba. Wanda ya taimaka ku ambaci sunansa ku gode masa a fili.

Kada kuma ku tsaya a majalisa kaɗai. Dokar da ta ƙirƙiri sababbin masarautu a watan Mayun 2019, da wadda ta rushe su a watan Mayun 2024, duk cikin 'yan kwanaki aka gama su, domin ɓangaren zartarwa yana so. Dokar kare hakkin yara kuwa, wadda tarayya ta yi tun 2003, sai a 2023 Kano ta samu tata, bayan doguwar tattaunawa da malamai da ƙungiyoyi. Buƙatarku ta farko da ta biyu sun fi kama da wannan ta biyun, za su ɗauki lokaci, kuma za su fi sauri in kwamishinan ƙananan hukumomi da na muhalli sun ga takardar tun kafin ta iso zaure, har su ɗauke ta a matsayin tasu.

Sauran buƙatu 23 kada ku yar da su, don mutanen da suka kawo su suna jiran amsa. Ku kira taro ku gaya wa kowa inda aka tura tasa: wannan ta tafi wurin ciyaman, wannan KEDCO, wannan Abuja, wannan sai baɗi. Katangar maƙabarta kuwa, ku je wa ciyaman da ita a makon nan, aikinsa ne a rubuce. In ya kawo bulo da siminti, ku sanar a masallatai ranar Juma'a, magina da matasan unguwa su fito aikin gayya ranar Asabar.